FASHIN BAƘI: Tambayar da mai sayen waya ke yi a Mubi, da abin da ta ke nufi ga hukumomin Abuja

A shagunan waya na Mubi, garin da fatake daga Kamaru da Chadi ke shigowa cinikin shanu da hatsi, da wuya mai saye ya tambayi sunan babbar manhajar da ke tafiyar da wayar. Abin da ya dame shi shi ne ko tana WhatsApp, kuma ko za ta ɗauki manhajar bankinsa.

Babbar manhaja kamar kasuwa ce: komai kyan rumfunanta, idan ba a baje kaya ba, ba ta ci. Shi ya sa kamfanin da ya makara wajen kafa tasa yakan buɗe wata ƙofa, domin manhajojin da aka rubuta wa abokin hamayyarsa su yi aiki a wurinsa.

BlackBerry, wadda ta taɓa zama abin tinƙaho a hannun manyan ma'aikata, ta gwada haka a 2013, inda ta ba manhajojin Android damar aiki a kan BlackBerry 10. Dabarar ta zama ɗan hakin da ya tsone mata ido. Masu rubuta manhaja suka ga tunda ta Android na shiga, babu dalilin ɓata kuɗi su rubuta mata tata. A Janairun 2022 kamfanin ya janye hannu daga tsarin. Microsoft ma ya buɗe irin wannan ƙofa a Windows 11 cikin 2021, ya rufe ta a Maris ɗin 2025.

Wanda ya fi shafar talaka shi ne labarin KaiOS, babbar manhajar ƙananan wayoyi masu madanni, irin waɗanda MTN ya kawo Najeriya a 2019. Samun WhatsApp ne ya ɗaga darajarsu, amma zuwa farkon 2025 WhatsApp ya daina tallafa musu. Dillalin da ya sayi irin wannan waya domin tura hoton sa ga mai saye a Legas, babu wanda ya nemi shawararsa kafin a yanke hukuncin.

A nan ne batun ya shafi Abuja. Duk hukumar da ta mayar da wata hidima kan manhajar Android da iPhone kaɗai, ta jingina haƙƙin ɗan ƙasa ga shawarar kamfanonin da ba sa ƙarƙashin ikonta. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da eNaira a Oktoban 2021 ta hanyar manhajar babbar waya, sai a 2022 ya ƙara lambar *997# saboda masu ƙananan wayoyi. Gyaran ya zo a makare, amma gyara ne mai ma'ana.

Jami'in da ke duba kwangilar sabuwar manhajar gwamnati yana da hurumin ya sa a rubuta, tun kafin sa hannu, irin wayoyin da za ta yi aiki a kansu, da kuma wanda zai biya kuɗin gyara ranar da mai babbar manhajar ya canza shawara.