AMINTATTUN ƘUNGIYOYIN TAIMAKON MASU TAƁIN HANKALI SU SAN NAUYIN DA KE KANSU

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ƙasar nan. Idan an tashi kafa ƙungiyar taimakon masu taɓin hankali a gari, sai a nemi attajiri guda, da basarake, da wani tsohon ma'aikacin gwamnati, a rubuta sunayensu a matsayin amintattu domin a sami takardar rajista. Daga ranar nan kuwa ba a ƙara ganin ƙeyarsu sai ranar bikin neman gudummawa. Wannan kuskure ne babba, kuma lalle a gyara shi.

Bisa dokar kamfanoni ta 2020, amintattu su ne ke riƙe da dukiyar ƙungiya da filinta, su ne ake ƙara a kotu, su ne kuma ke da alhakin kai bayanin kuɗi ga Hukumar Rajistar Kamfanoni. Dokar ta hana a raba musu riba daga dukiyar ƙungiyar, sashe na 839 kuwa ya ba hukumar ikon dakatar da su idan an sami almundahana ko rashin iya riƙo. Watau wanda ya yarda aka sa sunansa don neman girma, ya ɗauki kayan da bai san nauyinsu ba.

To, amma maganar kuɗi ita ce mai sauƙi. Mai taɓin hankali ya bambanta da sauran mabukata, domin idan aka cuce shi ya kai kuka, ba wanda zai gaskata shi. Sai a ce ai ciwon ne ke magana. Saboda haka idan amintattu ba su taka da ƙafarsu sun shiga ɗakunan kwana ba tare da sanarwa ba, sun duba abinci, sun ƙirga magani, sun tambayi wane ne aka kulle kuma don me, to, ba wanda zai yi. Ba mu manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu da kyakkyawar niyya, amma ba a sami mai sa ido ba.

Yanzu kuwa uzuri ya ƙare. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke komawa zamanin Turawa, ta kuma tabbatar wa majiyyaci da haƙƙinsa na mutunci. Amintaccen da bai karanta ta ba, da me zai auna aikin ma'aikatansa?

Kada kuma a wuce gona da iri. Aikin amintacce shi ne ya tsara manufa, ya naɗa manaja, ya bi kadin kowane kwabo. Ba shi ne zai rubuta magani ba, ba kuma daidai ba ne ya cusa ɗan ƙanensa a aikin jinya, ko ya karɓi kwangilar kawo hatsi. Sirrin majiyyaci ma amana ne. Bai kamata ya zama abin hira a majalisar ƙofar gida ba.

Wa ya dace a zaɓa? A ganinmu, a sami likita ko malamin jinya mai alaƙa da asibiti irin na Barnawa ko Ƙware ko Aro, a sami mai ilimin lissafin kuɗi, a sami mace, domin mata su ne suka fi shan wahalar jinya a gida. Sa'an nan a ba da kujera ga wanda ya taɓa yin ciwon ya warke. Wasu za su ce doka ta hana. Ba haka ba ne. Wanda ta hana shi ne wanda kotu ta tabbatar ba ya cikin hankalinsa. Marigayi Farfesa Adeoye Lambo ya nuna tun 1954, a ƙauyukan da ke kewaye da Aro ta Abekuta, cewa majiyyaci ya fi samun sauƙi idan yana zaune cikin jama'a tare da danginsa. Wanda aka yarda ya koma cikin mutane ya yi noma da ciniki, ba mu ga dalilin da za a hana shi zama a teburin da ake yanke shawara a kan 'yan'uwansa ba.