Sikanin ciki ba don "namiji ne ko mace?" kaɗai ake yi ba

A TikTok yanzu abin yayi ne: a dawo daga sikanin, a fasa balan-balan, a ga shuɗi ko ruwan hoda, a yi ta shewa. Amma jinsin jariri ba ya fitowa sosai sai wajen mako 18 zuwa 20. Sikanin da ke ceton rai tun kafin nan ake yin sa, lokacin da babu abin ɗorawa a waya.

Na'urar ba irin ta X-ray ba ce. Sauti take aikawa cikin jiki, wanda kunne ba ya ji, ya bugi mahaifa ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Daga mako 6 zuwa 7 ana iya ganin bugun zuciya, a ƙirga kwanakin ciki, a gane ko tagwaye ne. Abin da ya fi komai, a ga inda cikin ya zauna. Idan a bututun ƙwai ya maƙale, bututun na iya fashewa, jini ya zuba ta ciki, ita kuwa tana zaton ciwon mara ne.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin sikanin sau ɗaya kafin mako 24. Mu kuwa kunyar cikin fari takan sa a ɓoye, sai ya turo riga a fara awo. Sau da yawa kuma kuɗi da izinin fita suna hannun miji, don haka angwaye, maganar da ku ake.

Idan an yi ɓatan wata, ga ɗigon jini, ga ciwo a gefe ɗaya na mara, ba a jiran ranar awo. Ranar ake zuwa asibiti.