Mu ma ai muna da dodanni

Jama'a, duk wanda ya taɓa buga Resident Evil 4 a shagon gem, a Jega ko Maiyama, ya ɗanɗani aikin Shinji Mikami. Ɗan Japan ne, shi ya jagoranci na farkon a kamfanin Capcom a 1996. Dabararsa: harsashi kaɗan, ƙofa a kulle, sai tsoro ya ƙarasa aikin. A na 2005 ya ɗora kyamara bayan kafaɗar jarumin, har yau kwaikwayonsa ake.

To ɗaliban kwamfuta na jami'ar Aliero fa? Ga Dodo, ga mayu, ga aljanun tsamiya, duk kyauta a bakin kakanninmu. Wallahi in aka yi sake, baƙo zai kwashe su ya sayar mana da dala. In kun san yaron da ya fara gwadawa, ku ambato shi nan.