Manomin Bici Da Haƙƙin Da Aka Tauye Masa

Ya 'yan'uwa, tun shekarun 1960 Baturen Ingila Michael Mortimore ya rubuta yadda manoman kewayen Kano suke noma gona ɗaya kowace damina, ba hutu, kuma ƙasar ba ta mutu ba. Sirrin kuwa taki ne, da toka, da shuka wake tsakanin gero. Wannan ilmi ne tsantsa. Amma manomin Bici da ya gada ba a jin sunansa a taron masana. Mafi ciwo, ɗansa da ya yi boko yana yi masa kallon jahili a cikin gidansa. Muna kira ga malaman kimiyya: wanda kuka ɗauki ilmi daga bakinsa, ku rubuta sunansa, kamar yadda malaman hadisi suka kiyaye isnadi.