Buza: agogon gado ya tsaya, kayan gyaransa sun yi wuyar samu

A gidaje da dama na Buza, Madawa da Keita akwai agogon hannu da ke kwance cikin akwati. Seiko 5 ne, ko Orient, ko Citizen, ko Rado, wanda wani alhaji ya sayo a Makka, ko ɗan bida ya kawo daga Abijan ko Legas. Ba ya cin pil: wani ake yi masa da yatsa, ko kuma motsin hannu ya ɗaure shi. Ranar da ya tsaya, magaji ya kai shi teburin mai gyara a kasuwa, amsar da ya fi ji ita ce babu piyas. Mutane da yawa na ɗora laifin a kan matsalar iyaka. Iyakar na da nata kaso, amma tushen matsalar ya girme ta da shekaru, kuma yana nesa da jihar Tawa.

Hanyar da kayan ke bi

Ƙananan kayan sana'a irin wannan daga manyan kasuwanni suke zuwa, kamar Kano, Sakkwato da Maraɗi, ta hannun ƴan kasuwa masu bin hanyar Illela zuwa Ƙonni ko Jibiya zuwa Ɗan Isa. Wannan hanya ta toshe sau biyu cikin ƴan shekaru. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta, har zuwa Maris na 2024, bayan an ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu. Iyaka da Benin kuwa Nijar ba ta buɗe ta a lokacin ba, kayan teku suka koma bin doguwar hanyar Lome da Burkina Faso.

Idan tafiya ta yi tsada, ɗan kasuwa na zaɓen abin da ke saurin fita. Zai cika jaka da pil, maɗauri, gilashi da agogunan roba masu araha. Ba zai kashe jarinsa kan wani ɗan ƙarfe da ake nema sau ɗaya a shekara ba. Shi ya sa ko da aka buɗe iyakar, kayan cikin inji ba su dawo teburin masu gyara ba.

Masana'antu sun juya baya

Ranar 25 ga Disamban 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da pil da ƙwayar kwarts. Cikin shekaru kaɗan irin wannan agogo ya yi araha, kuma ya fi na wani riƙe lokaci. A ƙasar Suwis, ma'aikatan agogo sun ragu daga kusan 90,000 a 1970 zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Ɗaruruwan kamfanoni sun rufe, injinan da suka ƙera suka zama marayu. A Indiya ma, gwamnati ta rufe masana'antar agogon HMT a 2016.

Waɗanda suka tsira kuma sun kulle ƙofa. Rukunin Swatch, mai kamfanonin Rado, Omega da Tissot da masana'antar injinan ETA, ya daina sayar wa dillalai masu zaman kansu kayan gyara daga ƙarshen 2015. Ƙungiyar masu gyaran agogo ta Turai, CEAHR, ta kai koke gaban hukumar Tarayyar Turai tun 2004 kan irin wannan hani, amma a 2017 kotun Tarayyar ta yi watsi da ƙararta. Idan mai gyara a Faransa na fama kafin ya samu piyas ta asali ta Rado, ba sai an tambayi halin na Buza ba.

Intanet ba ta cike giɓin ba. Ana sayar da tsofaffin kayan agogo a can, amma sai da katin banki, kuma kuɗin aiko da kaya kan wuce kuɗin kayan. Akwai kuma agogunan haɗin gambiza, waɗanda aka harhaɗa daga injina daban-daban, aka yi wa fuskarsu sabon fenti.

Ba kowane tsayawa ne karyewa ba

Injin agogon wani na da ɗan siririn ƙarfe a naɗe, wanda ke ɗaurewa idan an yi wani, yana tura faifai masu haƙora. Akwai ƴar da'ira mai kai-komo da ke auna lokaci. A injin 7S26 na Seiko 5, wanda aka fara ƙerawa a 1996, tana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau shida a daƙiƙa. Ƙafafun faifan na juyawa ne cikin ƙananan duwatsu masu santsi, 17 ko 21 a yawancin agoguna, da ɗigon mai da ido ba ya gani sosai.

Zafin bazara na busar da man, ƙurar hunturu na shiga ta maballin wani, sai inji ya cije. Agogo irin wannan wanki da sabon mai yake bukata. Ɓarnar na zuwa ne idan aka zuba masa man keken ɗinki, ko aka ci gaba da ɗaura shi a bushe har haƙora suka cinye. Ajiye shi kan rediyo ko kusa da lasifikar salula na iya sa maganaɗisu ya kama shi, ya riƙa gudu fiye da kima, alhali babu abin da ya karye.

Inda kayan suke

Babbar ma'ajiyar kayan gyara a yau ita ce matattun agoguna. Seiko ta ƙera miliyoyin Seiko 5 tun 1963, kuma injina masu lamba ɗaya na karɓar kayan juna. Lambar na rubuce a murfin baya: haruffa huɗu na farko, kamar 6309, 7009 ko 7S26, su ne sunan injin. Wanda zai aika a nemo masa piyas a Kano ko Yamai, wannan lamba ya kamata ya ba ɗan aike, tare da hoton injin. Sunan kamfani kawai ba ya wadatarwa. Agogon da fuskarsa ta fashe kuma na iya rayar da wasu biyu ko uku, don haka sayar da shi ga masu sayen tsohon ƙarfe asara ce. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya fi piyas ƙaranci shi ne hannun da zai sa ta. Yawancin matasa masu sha'awar gyara sun koma kan wayar salula, inda ciniki ke shigowa kullum. Sauya pil aikin minti biyu ne, kwance inji a wanke a mayar kuwa na cin sa'o'i, kuma mai agogo ba ya son biyan fiye da kuɗin sabon agogon roba. Muddin ladan gyara bai kai ya riƙe gida ba, dattijan da suka iya aikin ba za su samu almajirai ba. Iyalan da ke son agogon mahaifinsu ya ci gaba da tafiya na da abu uku a hannunsu: su kai shi wanki tun bai tsaya ba, su adana matattun agogunan gida, su kuma biya mai gyara kuɗin da ya dace da aikinsa.