Gaza: Jarjir a cikin gwangwani da tambayar da ya bari kan gonaki

A tsakanin tantunan 'yan gudun hijira a Zirin Gaza, tsofaffin gwangwanayen abinci da robobi sun koma tukwanen shuka. Cikin abin da ake shukawa akwai jarjir, ganye mai ɗan yaji da Turawa ke kira arugula. Saiwarsa ba ta nisa a ƙasa, yana jure sanyin hunturu, kuma cikin mako uku zuwa huɗu ana iya tsinkar ganyensa ya sake tohowa.

Sai dai wannan dabara ta fito ne daga rashi. A watan Mayun 2025, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa ƙasa da kashi 5 cikin 100 na gonakin Gaza ne ake iya nomawa. A watan Agusta aka tabbatar da matsananciyar yunwa a birnin Gaza da kewaye.

Jarjir na ba jiki sinadarai, amma ba ya cika ciki kamar alkama. Muddin manoma ba su koma gonakinsu ba, ba a kuma bar iri da taki sun shiga ba, lambun gwangwani rage zafi kawai zai yi.