RA'AYI: Waye mai wannan shafi? Abin da Kudancin Kaduna ke koya wa masu riƙe da kundin .ng

Duk wanda ya sayi suna don kafa shafi a intanet sai ya bayar da sunansa, adireshinsa, lambar wayarsa da imel. Kamfanin da ya yi masa rajista ne ke ajiye waɗannan bayanai, kuma shekaru da dama ana baje su a fili cikin wani kundi da ake kira WHOIS, inda kowa ke iya leƙawa kyauta, ɗan sanda ne ko ɓarawo. Wannan zamani ya ƙare ranar 25 ga Mayu, 2018, lokacin da dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki. Hukumar ICANN, mai kula da sunayen da ke ƙarewa da .com da .org da makamantansu, ta fitar da ƙa'idar wucin gadi wadda ta sa aka lulluɓe sunayen masu shafuka. Har ta kai ƙarar wani kamfanin rajista mai suna EPAG gaban kotu a birnin Bonn na Jamus, tana neman a tilasta masa ci gaba da tattara wasu bayanan, kotun ta ƙi amincewa.

Tun daga nan ake ja-in-ja. Jami'an tsaro da masu binciken kutse da lauyoyin manyan kamfanoni na kukan an rufe musu ido. Masu kare haƙƙin ɗan Adam kuwa na cewa dama tun farko ganganci ne a ɗora adireshin gidan mutum a kan hanya don kawai ya buɗe shafi. An shafe shekaru ana zama a kan wani babban tsari na tantance masu neman bayanai, tsadarsa ta sa aka jingine shi. A Nuwamban 2023 ICANN ta ƙaddamar da ɗan ƙaramin gwaji na shekara biyu, RDRS, wanda aikinsa bai wuce miƙa buƙatar mai nema ga kamfanin rajista ba. Shigar kamfani cikin tsarin ganin dama ce, amsawa ma haka.

Mai karatu a sakatariyar tarayya zai iya cewa wannan rigimar Turawa ce. Sai dai ikon ICANN bai kai ga sunayen ƙasashe ba, don haka .ng tamu ce, mu ne za mu tsara mata ƙa'ida. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke gudanar da rajistar, ƙarƙashin sa-idon hukumar NITDA kamar yadda dokar hukumar ta 2007 ta tanada. A Yunin 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ke nan tambayar da ta gagari duniya tana kan teburin Abuja: wa ya cancanta ya ga sunan mai shafi, kuma ta wace ƙofa?

Ni dai ra'ayina shi ne kada a buɗe kundin ga kowa, kada kuma a miƙa mabuɗinsa ga jami'an tsaro su riƙa shiga yadda suka ga dama. Ban san wurin da ke nuna dalilin hakan kamar Kudancin Kaduna ba, domin a can ne illar ɓoye suna da illar bayyana shi suke zaune gida ɗaya.

A fara da masu neman a buɗe, don hujjarsu ba ƙarama ba ce. Yanki ne da jita-jita ke da tsada. Rikicin Maris na 1987 daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya tashi, kafin ya watsu zuwa Zariya da Kaduna da wasu garuruwa, a lokacin da labari ke tafiya da baki da rediyo. An sake gani bayan zaɓen 2011, aka kuma gani a ƙarshen 2016 lokacin da aka sa dokar hana fita a Jema'a da Kaura da Zangon Kataf. A yau mutum ɗaya, da kuɗin da bai kai na buhun citta ba, zai iya sayen suna mai kama da na jarida, ya rubuta cewa an kashe mutane a kasuwa kaza, ya jefa a WhatsApp, ya kwanta barcinsa. Kwamishinan 'yan sanda da ya nemi sanin mai wannan shafi cikin gaggawa bai yi laifi ba.

Akwai kuma damfara. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta mayar da tsohuwar Jami'ar Nok da ke Kachia, wadda kotu ta ƙwace bayan ƙarar da EFCC ta shigar, zuwa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aiwatarwa, ta kuma amince da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a sashen ɗaukar aiki ya san abin da kan biyo bayan irin wannan sanarwa a ƙasar nan: shafukan bogi masu ɗauke da tambarin gwamnati, suna karɓar kuɗin fom daga matasan da iyayensu suka sayar da amfanin gona. Sannan ga gumakan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara cin karo da su a ramukan haƙar kuza a 1928, Bernard Fagg kuma ya gane darajarsu a shekarun 1940. Dokar 1979 ta hana fitar da su ba da izini ba, Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su a jerinta na kayan da ke cikin haɗari a 2000, amma har yau ana tallarsu a shafukan dillalai na ƙetare. Jami'in Hukumar Gidajen Tarihi da ke bin sawun irin wannan dillali ba ɗan sanda ba ne, amma yana da haƙƙin tambaya.

To, sai a juya ɗaya fuskar. A Janairun 2017 labari ya bazu cewa an kashe ɗalibai biyar na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Kwalejin ta musanta, labarin ya tabbata ƙarya. Audu Maikori, lauya kuma mai kamfanin waƙoƙi na Chocolate City, yana cikin waɗanda suka yaɗa shi a Twitter. Ya fito ya janye, ya nemi gafara, amma duk da haka aka kama shi a Legas a watan Fabrairu. A Oktoban shekarar, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa an tauye masa haƙƙi, ta ba da umarnin a biya shi diyyar naira miliyan 40. Ɗan jarida Luka Binniyat ya shafe watanni a tsare a kan rahoton da ya rubuta game da wannan labari, aka kuma sake kama shi a Nuwamban 2021 a kan wani rahoton daban.

Ba ina wanke labarin ƙarya ba ne, kuma wanda ya yaɗa shi a irin wannan yanki ya yi wasa da wuta kusa da rumbu. Abin lura shi ne waɗannan mutane biyu sanannu ne, suna da lauyoyi, jaridu sun yi ta maganarsu. Yaya za ta kasance da malamar firamare a Kwoi da ta buɗe shafi tana wallafa hotunan azuzuwan da rufinsu ya yaye, ko matashi a Zonkwa da ke rubuta sunayen ƙauyukan da aka kai wa hari? Idan adireshin gidansu yana fili, ba ma sai an jira gwamnati ba, duk mai jin haushinsu ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A yankin da sunan mutum kaɗai ke sa a yi masa hasashen addini da ƙabila, bayyana suna ba ƙaramin abu ba ne. Haka nan sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka yi ta kama 'yan jarida da shi har Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, sai a 2024 aka yi masa gyara. Ƙasar da ke da wannan tarihi ba ta da hurumin cewa a amince da jami'anta ido rufe.

Dokokinmu kuwa sun bar ƙofa a buɗe fiye da kima. Sashe na 38 na waccan doka ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan abokan hulɗarsu na shekara biyu, su kuma miƙa idan hukumar tsaro ta nema. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta keɓe binciken laifi da tsaron ƙasa daga yawancin sharuɗɗanta. Idan aka haɗa biyun, takarda mai ɗauke da hatimi na iya wadatarwa, alhali sashe na 37 na Tsarin Mulki ya ba ɗan ƙasa kariyar sirrinsa.

Mafita, a ganina, ta fara da bambance mai ciniki da mai magana. Kamfanin da ke fitar da citta daga Kachia ko Jaba, yana karɓar kuɗin mutane ta shafinsa, babu dalilin ɓoye sunansa. Shi ma zai fi so mai saye a Indiya ko Dubai ya duba ya ga lambar rajistarsa ta CAC. Tun da Dokar Kamfanoni ta 2020 ta riga ta wajabta bayyana masu iko da kamfani, haɗa wannan da kundin .ng ba sabon nauyi ba ne. Mutum ɗaya mai shafin rubutu kuwa, a rufe bayanansa tun daga ranar rajista, ba sai ya roƙa ko ya biya ƙarin kuɗi ba.

Wanda ke son ganin abin da aka rufe ya rubuta buƙatarsa, ya faɗi sunansa da muƙaminsa, laifin da yake bincike da dokar da ya dogara da ita. A shigar da kowace buƙata cikin littafi, NiRA ta riƙa wallafa adadinsu duk shekara: nawa aka karɓa, daga wace hukuma, nawa aka ƙi. A kuma sa wa'adin amsa. Turai ta sa sa'o'i 72 a dokarta ta NIS2 ta 2022, ba abin da zai hana mu ɗaukar irinsa ga shari'ar damfara da kutse. Amma idan abin da ake tuhuma rubutu ne, labari ko ra'ayi ko suka, to kada a fitar da suna sai da umarnin alƙali. Za a ce kotunanmu na da nawa. Gaskiya ne, sai dai umarnin kama mutum da na binciken gida ma daga kotu ake karɓo su, kuma ba a ce a soke su don haka ba. A halin gaggawa, dakatar da shafin bogi na ɗan lokaci ya fi saurin kashe wuta a kan farautar mai shi, kuma ana iya janye dakatarwar idan an yi kuskure.

Wani abu da masu neman a buɗe kundin kan manta shi ne ɗan damfara ba ya rubuta sunansa na gaskiya. Ko a zamanin da WHOIS ke fili, cike yake da sunayen ƙarya da lambobin da ba sa shiga. Masu gaskiya ne suka fi fallasa. Aikin da ya fi amfani shi ne tantance lambar waya da imel a lokacin rajista, da tsananta bincike kan duk sunan da ya kwaikwayi na ma'aikata ko jami'a ko banki. Sa'annan a tuna cewa da dama daga shafukan da ke cutar da mu ba a .ng suke ba, a .com suke, bayanansu na hannun kamfanoni a Amurka da Turai. Waɗannan kamfanoni suna auna mai tambaya kafin su amsa, kuma ƙasar da ke da rubutacciyar ƙa'ida da sa-idon kotu a gida ta fi samun kunnensu. Idan kuwa aka mayar da .ng tarko, duk mai abin faɗa zai ƙaura zuwa .com, a bar kundinmu da shafukan ma'aikatu.

Ma'aikatun ma suna da nasu rabon gyaran, kuma wannan ba ya jiran wata doka. NITDA ce ke ba da sunayen .gov.ng, ga hukumomin gwamnati kawai. Duk hukumar da ke tallar ɗaukar aiki a shafin .com, ko ke amsa wasiƙun jama'a ta Gmail ɗin wani jami'i, ita ce ke koya wa matashin Kagoro cewa shafin gwamnati na iya ɗaukar kowane irin suna. Sababbin cibiyoyin tarayya a Kachia da Kafanchan za su ɗauki ma'aikata da ɗalibai a shekarun nan, ya kamata kowace sanarwarsu, har wadda za a karanta a rediyo da Hausa, ta faɗi adireshin shafinsu guda ɗaya harafi-harafi.